Fada Gregor Mendel, Firist Mai Lambun Wake

'Yan'uwa, duk manomin da ke ware irin wake a Boɗinga ko Shagari ya san halin iri yana bin zuriyarsa. Wanda ya fara ƙididdige yadda wannan gado yake tafiya firist ne na Katolika, Fada Gregor Mendel.

An haife shi a 1822, a gidan talakawan manoma, a ƙasar da ake kira Jamhuriyar Cek a yau. Da kuɗin makaranta suka gagara, ƙanwarsa Theresia ta ba shi wani kaso na dukiyar aurenta. A 1843 ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno, aka naɗa shi firist a 1847. Tun yana ɗalibi damuwa takan kwantar da shi watanni. Da aka sa shi ziyarar marasa lafiya a asibiti, ganin wahalarsu ya sa shi ma ya kwanta, sai shugabansa ya mai da shi aikin koyarwa. Sau biyu ya shiga jarrabawar malanta bai samu takardar ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani irin wake na Turai, tushe kusan 28,000, a lambun gidan. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, amma cikin jikoki gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kimanin uku da ɗaya. Ta haka ya gane cewa hali yakan ɓuya a tsara ɗaya ya bayyana a ta gaba. Ya gabatar da binciken a 1865, aka buga shi a 1866, masana ba su kula ba. Ya zama shugaban gidan a 1868, ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884. Sai a 1900 aka gane darajar aikinsa.

Me ya haɗa mu da wannan lambu? A cikinmu akwai iyalan da ke jinyar mai taɓin hankalin da likitoci suke kira sikizofireniya, wanda ke sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ya riƙa zargin na kusa da shi. Sau da yawa mukan ce sammu ne ko baki, mu ƙi auren 'yan gidan.

Masu bin sawun Mendel sun nuna cewa ƙwayoyin gado su ne ke ba jiki umarnin haɗa furotin, har da waɗanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aiki da su. A 2016 an gano cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna C4 yana sa ƙwaƙwalwa ta yawaita furotin ɗin da ke rage mahaɗar jijiyoyi, kuma masu wannan nau'in sun ɗan fi shiga haɗari. A 2022 wani babban bincike ya lissafa wurare 287 masu alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan tasiri kaɗan. Saboda haka ciwon ba ya bin lissafin uku da ɗaya. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kimanin tara cikin goma na 'ya'yan ba za su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya yakan kamu ɗayan ya tsira.

To, ciwo ne kamar hawan jini, kuma akwai maganin da ke sassauta shi. A jiharmu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Mu kai marasa lafiyarmu wurin likita da wuri maimakon ɗaure su, mu ziyarce su, mu bar musu wurin zama a coci. Mendel ma ya sha kwanciya saboda damuwa, 'yan'uwansa masu zuhudu kuwa suka nema masa aikin da zai iya. Allah ya ba shi hutu madawwami. Amin.