JACK BROUGHTON: MAI FITO DA YA KAFA WA DAMBEN TURAWA DOKA

Jama'a masu karatu, mu da muke zaune a nan Kudu mun san yadda unguwa take cika in 'yan dambe suka sauko daga gida. To, yau za mu kai ku Ingila, mu ba ku tarihin wani ɗan damben da ya rasu tun 1789, mai suna Jack Broughton.

Asalinsa mai fito ne a kogin Thames na birnin Landan, har ya ci tseren kwale-kwale a 1730. Ƙarfin damtsen da tuƙi ya ba shi, shi ya kai fagen dambe. A wancan zamani Turawa da hannu tsirara suke naushi, ba safa, ba ko zaren da namu suke naɗawa. Ba a ƙayyade turmi ba, sai wanda ya gaza.

A 1743 Broughton ya buɗe gidan dambensa, ya kuma buga dokoki guda 7. Ba a dukan wanda ya faɗi, kuma wanda ya durƙusa ma a faɗaɗɗe yake. Ba a kama mutum a ƙasan ƙugu. In an kayar da kai, kana da daƙiƙa 30 ka dawo tsakiyar fage, in ka kasa an cinye ka. Mu dai a ganinmu dokarmu ta fi sauƙi, tunda da an kashe mutum turmi ya ƙare, amma a wurinsu wannan babban ci gaba ne, kuma da su aka yi ta aiki har 1838. Shi ne kuma ya shigo da safar hannu mai taushi, ba don fage ba, sai don kada 'ya'yan manya da yake koya wa dambe su koma gida da kumburarriyar fuska.

Ubangidansa shi ne Yarima na Cumberland, ɗan Sarki George na 2. A watan Afrilu na 1750 aka haɗa Broughton da Jack Slack, wani mahauci daga garin Norwich. Kun ji fa, can ma mahauta ba a raina su a dambe! Broughton ya haura shekara 40, amma kowa ya ɗauka zai yi wasa da Slack ne kawai. Sai Slack ya zabga masa naushi tsakanin idanu, suka kumbura, ya koma lalube. Cikin minti 14 aka gama.

An ce Yarima ya yi asarar fam 10,000 a caca ranar. Nan take ya juya masa baya, daga baya aka rufe gidan damben. Broughton bai sake shiga fage ba. Ya ci gaba da aikinsa cikin dogaran fadar Sarki, ya yi kasuwanci, ya rasu ran 8 ga Janairu 1789 a unguwar Lambeth, ya bar gadon kimanin fam 7,000.