Thomas Johann Seebeck (1770–1831): Likitan da Ya Yi Jayayya da Abin da Ya Gano

An haifi Thomas Johann Seebeck a shekarar 1770 a birnin Reval, wato Tallinn ta ƙasar Estoniya a yau, a gidan wani attajiri Bajamushe. Ya sami digirin likitanci a Jami'ar Göttingen a 1802, amma hankalinsa ya fi karkata ga nazarin haske da launi, har ya yi aiki tare da marubuci Goethe.

A 1821 ya haɗa ƙarafa iri biyu, jan ƙarfe da bismut, suka zama zobe, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyinta. Sai allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Seebeck ya kafe a kan cewa zafi ne ya haifar da maganaɗisu kai-tsaye. Hans Christian Ørsted na Denmark ya fassara lamarin da cewa lantarki ne ke gudana a cikin zoben, kuma shi ke da gaskiya, ko da yake Seebeck ya yi ta musu. Ya rasu a Balin ranar 10 ga Disamba 1831.

A ganina taurin kan nan bai rage darajar aikinsa ba, domin gwajin ingantacce ne, fassarar ce ta kauce. Da wannan dabara kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 suke mayar da zafin sinadarin fulutoniyam lantarki, a can inda hasken rana ya raunana. Da ita kuma wasu ƙananan na'urorin awo marasa waya suke samun wuta daga jikin bututu mai zafi ko inji, wuraren da sauya batir yake da wuya.