Imam Ibnul Jauzi, Mai Wa'azin Bagadaza

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ƴan'uwa ɗalibai da iyayenmu, bana mun zaɓi mu kawo muku tarihin Abul Faraj Abdurrahman Ibnul Jauzi, Allah ya ji ƙansa.

An haife shi a Bagadaza wajen shekara ta 510 bayan hijira, a gidan masu cinikin tagulla. Yana ɗan shekara uku mahaifinsa ya rasu. Gwaggonsa ce ta riƙe shi, ita ce kuma ta kama hannunsa ta kai shi masallacin Shaihu Ibnu Nasir, inda ya fara jin hadisi.

Shi da kansa ya ba da labarin yarintarsa. Yakan fito neman hadisi da busasshiyar gurasa, in yunwa ta ishe shi ya zauna bakin ƙoramar Isa, don gurasar ba ta haɗiyuwa sai da ruwa. Ya ci loma, ya kurɓi ruwa, ya tashi ya koma karatu.

Da ya girma sai ya zama mai wa'azin da babu kamarsa a Bagadaza. Dubban mutane ke taruwa a majalisinsa, har halifa yakan saurara ta bayan labule. Matafiyin nan Ibnu Jubair na Andalus ya halarci wa'azinsa a shekara ta 580, ya rubuta yadda ya ga mutane suna kuka suna tuba. To amma fa suna bai sa ya saki alƙalami ba. In masu dogon surutu suka zo masa ziyara, ba ya korarsu. Sai ya ɗauko takardu yana yankawa, yana fiƙe alƙaluma, suna hirarsu yana aikinsa. Da irin wannan tattalin lokaci ya bar mana Zadul Masir a tafsiri, da Almuntazam a tarihi, da Talbisu Iblis, da Saidul Khaɗir, da wasu masu yawa.

Jarrabawa mafi tsanani sai da ya tsufa ta zo. A shekara ta 590 maƙiya suka yi masa sharri wajen hukuma, aka ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa garin Wasiɗ, aka yi masa ɗaurin talala shekara biyar. Dattijo mai shekara wajen tamanin, shi ke wanke tufafinsa, shi ke girki, shi ke jan ruwa a rijiya. An ruwaito cewa yana yawan sauke Alƙur'ani a can, amma ba ya iya karanta Suratu Yusuf saboda kewar ɗansa Yusufu. Kafin ya baro garin kuwa sai da ya durƙusa gaban malami ya karanta Alƙur'ani da ƙira'o'i goma. Kun ji fa, a wannan shekarun!

An sake shi a 595, mutanen Bagadaza suka fito tarbarsa, ya koma kan kujerar wa'azi. Ya rasu cikin Ramadan na 597, daidai da 1201 miladiyya. An ce ya tara abin da ke zuba in yana fiƙe alƙaluman da ya rubuta hadisi da su, ya yi wasiyya a ɗumama ruwan wankansa da shi, aka yi, har ya ragu.

Ƴan'uwa, mun san a cikinmu akwai marayu, akwai masu zuwa ba su karya ba, akwai kuma waɗanda muka fara tare suka ajiye allo suka ce sun yi girma. Don su da mu duka muka rubuta wannan. Wanda ya san inda ɗaya daga cikinsu yake, don Allah ya kai masa wannan ɗan littafi, ya ce muna jiransa.

Allah ya gafarta wa Imam, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.