Alan Freed: Ɗan Rediyon Da Ya Ɗaukaka Kiɗan Baƙar Fata, Kuɗin Goro Ya Kayar Da Shi

Duk wanda ya tashi a Rogo ko Ƙaraye lokacin da Rediyon Kaduna ke kai muryar Shata har ƙauyuka ya san cewa mawaƙi, komai zaƙin muryarsa, yana buƙatar mai sa faifansa a rediyo. A Amurka, ba a yi mai sa faifai da ya kai Alan Freed suna ba, kuma kaɗan ne suka faɗi irin faɗuwarsa.

An haife shi a jihar Pennsylvania a 1921. A 1951 wani mai shagon faifai a birnin Cleveland, Leo Mintz, ya ɗauki nauyin wani shirin dare a tashar WJW, ya kuma ba Freed shawarar ya riƙa sa waƙoƙin baƙar fata, waɗanda manyan tashoshi ke ƙyama a wancan zamani na wariya. Freed, wanda farar fata ne, ya karɓa. Yana sa faifai yana ihu, yana kaɗa ƙararrawa, yana dukan littafin lambobin tarho kamar ganga. Shi ya yayata sunan "rock and roll" har ya bi duniya.

Ranar 21 ga Maris, 1952 ya shirya wasa a babban zauren Cleveland. Jama'a suka ninka abin da zauren zai ɗauka, hukuma ta tashi taron tun bai yi nisa ba. A 1954 ya koma tashar WINS ta New York. A 1957 gidan talabijin na ABC ya soke shirinsa bayan an ga mawaƙi Frankie Lymon, baƙar fata, yana rawa da wata yarinya farar fata.

Sai dai akwai ɓaraka. Kamfanonin faifai sun saba bai wa masu gabatar da shiri na goro don a sa waƙoƙinsu, kuma Freed ya karɓa. Mafi muni a ganina shi ne yadda aka rubuta sunansa cikin marubutan "Maybellene" ta Chuck Berry, yana cin rabo daga gumin mutumin da yake cewa yana tallafawa. Berry bai samu cikakken haƙƙinsa ba sai a 1986.

Da bincike ya taso a 1959, tashar WABC ta nemi ya sa hannu cewa bai taɓa karɓar komai ba. Ya ƙi, aka sallame shi. Da yawa sun ci irin abin da ya ci suka sha. Shi da ya tara maƙiya saboda haɗa fari da baƙi, a kansa gatarin ya sauka. A 1962 ya amsa laifin cin hanci, aka ci shi tarar dala 300. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma manyan tashoshi sun riga sun juya masa baya, ga hukumar haraji a wuyansa, ga giya.

Ya mutu ranar 20 ga Janairu, 1965 a California da ciwon hanta da ƙoda, yana da shekara 43, ba shi da ko sisi. A 1978 aka yi fim ɗin "American Hot Wax" a kan rayuwarsa, a 1986 kuma aka sa shi cikin rukunin farko na gwarazan wannan kiɗa, waɗanda aka gina wa gidan tarihi a Cleveland.