Chester Nimitz: Hafsan da aka tura jirgin ƙarƙashin teku ba da son ransa ba, ya zama jagoran sojin ruwan Amurka

A ranar 7 ga Yulin 1908, wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Decatur ya kafe cikin taɓo a gaɓar Batangas da ke ƙasar Filifins. Kwamandan jirgin matashi ne ɗan shekara 23 mai suna Chester Nimitz.

Kotun soja ta same shi da laifin sakaci da aiki, aka ba shi takardar gargaɗi. Irin wannan tabo kan dusashe tauraron hafsa tun bai je ko'ina ba.

Da ya koma gida, ya nemi a tura shi manyan jiragen yaƙi, inda masu neman ƙarin girma ke rububin zuwa. Sai aka tura shi sashen jiragen ƙarƙashin teku, wanda bai cika shekara goma da kafuwa ba.

Maraya daga Texas

An haifi Nimitz ranar 24 ga Fabrairun 1885 a Fredericksburg da ke jihar Texas, garin da ke nesa da teku. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, ya tashi a gaban kakansa, Bajamushe da ya taɓa aikin jirgin ruwa kafin ya buɗe otal.

Burinsa shi ne makarantar sojin ƙasa ta West Point, amma bai samu gurbi ba. Ya shiga ta sojin ruwa da ke Annapolis, ya kammala a 1905, ya zo na bakwai cikin ɗalibai 114.

Aikin da kowa ke gudu

Sai a 1900 rundunar sojin ruwan Amurka ta mallaki jirgin ƙarƙashin teku na farko, mai suna Holland. Jiragen wancan zamani ƙanana ne, ga zafi, ga ƙunci, kuma da fetur suke aiki. Tururin fetur kan bugar da ma'aikata, wani lokaci ya haddasa gobara.

A 1909 aka damƙa wa Nimitz jirgin Plunger, daga nan Snapper, Narwhal da Skipjack. Abin da bai samu a manyan jirage ba ya same shi a nan: a can zai shekara da shekaru yana karɓar umarni, a nan kuwa shi ne mai bayarwa.

Da yake sashen sabo ne, babu dogon layin manya a gabansa. A 1912, yana ɗan shekara 27, ya zama kwamandan ayarin jiragen ƙarƙashin teku na Atlantika, har aka gayyace shi ya yi lacca a Kwalejin Yaƙi ta Sojin Ruwa. A shekarar ce kuma ya faɗa ruwa ya ceto wani ma'aikacin jirginsa da ya kusa nutsewa, aka ba shi lambar yabo.

Injin dizal

Nimitz na cikin waɗanda suka dage a bar fetur a koma dizal. Irin injin da a yau ake jin rurinsa a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai idan an ɗauke wuta, a lokacin sabuwar fasaha ce da 'yan kaɗan suka sani.

A 1913 rundunar ta tura shi Jamus da Beljiyam ya koyo aikin injin. Da ya dawo, shi ya kula da haɗa injinan jirgin dakon mai na Maumee. A wajen wannan aiki inji ya cinye masa wani sashe na yatsa.

Wani kamfani ya yi masa tayin albashin da ya ninka nasa sau da yawa don ya ajiye kaki, ya ƙi. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi da abokan aikinsa a Maumee suka riƙa shayar da jiragen yaƙi mai a tsakiyar Atlantika ba tare da sun je tasha ba.

A 1920 aka tura shi Hawaii, inda ya gina sansanin jiragen ƙarƙashin teku na Pearl Harbor da ragowar kayan yaƙin da aka gama.

Yaƙin Duniya na Biyu

A ranar 7 ga Disambar 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor, ta nutsar ko ta lalata manyan jiragen yaƙin da hafsoshi ke rububi. Shugaba Franklin Roosevelt ya zaɓi Nimitz ya jagoranci rundunar tekun Pasifik.

Ya karɓi ragama ranar 31 ga Disamba a saman jirgin ƙarƙashin teku mai suna Grayling. Bai kori hafsoshin da harin ya rutsa da su a bakin aiki ba, ya ci gaba da aiki da su. Cikinsu har da jami'in leƙen asiri Edwin Layton, wanda bayanansa suka taimaka wajen nasarar yaƙin Midway a Yunin 1942.

Ma'aikatan jiragen ƙarƙashin teku ba su kai kashi 2 cikin 100 na sojin ruwan Amurka ba, amma su suka nutsar da fiye da rabin jiragen dakon kayan da Japan ta rasa. Sai dai sun biya da tsada: jirage 52 sun salwanta, mutum sama da 3,500 sun mutu, wato kusan ɗaya cikin biyar.

A Disambar 1944 aka ba Nimitz muƙamin Admiral mai tauraro biyar. A ranar 2 ga Satumbar 1945, shi ya sa hannu a madadin Amurka kan takardar miƙa wuyan Japan a jirgin Missouri.

Bayan yaƙi

Ya zama babban hafsan sojin ruwa daga 1945 zuwa 1947, ya kuma goyi bayan shirin Hyman Rickover na ƙera jirgin ƙarƙashin teku mai aiki da nukiliya. Jirgin, Nautilus, ya fara aiki a 1954.

A shari'ar Nuremberg, ya ba da shaida a rubuce cewa Amurka ma ta riƙa nutsar da jiragen kasuwanci ba gargaɗi a Pasifik, laifin da ake tuhumar Admiral Karl Dönitz na Jamus da shi. An yanke wa Dönitz ɗaurin shekara 10.

Nimitz ya rasu ranar 20 ga Fabrairun 1966 a kusa da San Francisco, saura kwana huɗu ya cika shekara 81.

A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu na da jiragen ƙarƙashin teku, Najeriya kuwa ba ta da ko ɗaya. Duk ranar da ta saya, hafsoshin farko za su tarar da abin da Nimitz ya tarar a 1909: aiki mai haɗari, doguwar koyon inji, da damar riƙe jirgi tun suna da ƙuruciya.