Jerome Holland: Gwanin Wasa Wanda Ya Zama Bawan Jama'a

Samarinmu da yawa suna son ƙwallo, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Amma ƙarfin ƙuruciya ba ya daɗewa. Sabo da haka muna so mu ba ku labarin wani mutum wanda ya san abin da zai yi da ransa bayan da 'yan kallo suka watse.

An haifi Jerome Holland a garin Auburn cikin jihar New York ta Amurka a shekara ta 1916. Baƙar fata ne, ɗan talakawa, su goma sha uku ne wurin iyayensu. A gida ana ce da shi Brud. Da ya girma ya shiga Jami'ar Cornell, shi ne kuwa baƙin mutum na fari da ya yi mata wasan ƙwallo irin na Amurka. Wasan nan ba kamar namu ba ne, gama a hannu a ke ɗaukar ƙwallon a sheƙa da shi, abokan hamayya kuwa suna neman su kā da mutum kamar a kokawa. Holland ya gwanance ƙwarai, har aka lissafta shi cikin gwanayen ƙasar duka a 1937, da kuma 1938.

Amma da ya gama karatu a 1939, sai ya iske ƙofofi a rufe. Ƙungiyoyin da ke biyan 'yan wasa ba su ɗaukar baƙar fata a zamanin nan. Manyan kamfanoni kuma suka ɗebi abokan karatunsa Turawa, shi suka ƙyale shi. Jiya dubban mutane suna yi masa tafi, yau ba mai ba shi aiki! Wani da sai ya yi fushi ya lalace. Shi kuwa ya tafi koyarwa a Jami'ar Lincoln, makarantar da Dr. Azikiwe da Dr. Nkrumah suka yi karatu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zama mai lura da ma'aikata a wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a Chester. Bai bar karatu ba, har ya sami digirin dakta a 1950.

A 1953 aka ba shi shugabancin Kwalejin Delaware, makarantar baƙar fata wadda ta kusa rufewa. Ya tsaya da himma ya ta da ita. Daga 1960 zuwa 1970 ya shugabanci makarantar Hampton a Virginia. Sa'an nan Shugaba Nixon ya aike shi jakada ƙasar Suwidin. Can ma bai sami sauƙi ba, gama masu ƙin yaƙin Biyetnam suka tarye shi da zagi, har da jifa da ƙwai. Ya haƙura, ya yi aikinsa.

Ku dubi yadda al'amari ya juya. A 1972 aka sa shi cikin majalisar masu gudanar da babbar kasuwar hannun jari ta New York, ba a taɓa sa baƙin mutum ba kafinsa. Manyan kamfanoni irin su Chrysler kuma suka roƙe shi ya zauna cikin majalisunsu. Wanda aka hana wa aiki, ga shi yana ba masu kamfani shawara. Wannan ya tuna mana da Yusufu a ƙasar Masar.

Duk da haka bai ajiye darajarsa domin kansa ba. A 1979 ya zama shugaban ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka, mai taimakon waɗanda masifa ta auka wa, mai tara jini domin marasa lafiya. Yana kan aikin nan ya rasu ran 13 ga Janairu, 1985. Daga baya aka sa wa ɗakin binciken jini na ƙungiyar sunansa.

'Yan'uwa, wataƙila an taɓa hana ɗayanmu aiki ko makaranta sabo da kabilarsa, ko sabo da sunan da ya ke amsawa. Abin da zafi. Amma ɗacin rai bai taɓa gina makaranta ba, bai kuwa ceci majiyyaci ba. Mu tuna da misalin talanti cikin Matta sura 25. Ubangiji zai tambaye mu abin da muka yi da baiwar da ya ba mu, ko ƙofa a buɗe ta ke, ko a rufe.