SERGEI RAKMANINOF: MAKAƊIN DA BASIRARSA TA TOSHE, TA SAKE BUƊEWA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar biro da takarda domin ya tsara waƙa ko labari ya san akwai ranar da kai kan toshe, a yi ta juya biro ba abin da zai fito. Ga wasu, kwana ɗaya ne ko mako guda. Ga Sergei Rakmaninof, shahararren makaɗin fiyano kuma mai tsara kiɗa na ƙasar Rasha, shekara uku abin ya ɗauka. Wannan maƙala za ta kawo tarihinsa a taƙaice, da dalilin toshewar basirarsa, da hanyar da ya bi ya fita.

Kafin nan, yana da kyau mai karatu ya san cewa a irin wannan kiɗa na Turai, mai tsarawa rubuta shi yake yi a takarda da alamomi na musamman. Daga nan babbar ƙungiyar makaɗa ce za ta kaɗa shi a ƙarƙashin madugu guda. Saboda haka idan madugu ya gaza, kiɗa ya lalace ke nan ko da rubutun yana da kyau.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Rakmaninof ranar 1 ga Afrilu, 1873, a yankin Novgorod, a gidan masu hali. Sai dai mahaifinsa mutum ne mai almubazzaranci, ya salwantar da gandayen gidan ɗaya bayan ɗaya har iyalin suka koma wani ɗan gida a birnin St. Petersburg. A can ne ƙanƙanin yaron ya shiga makarantar koyon kiɗa a 1883. Iyayensa suka rabu, 'yan'uwansa mata biyu suka rasu, shi kuma ya shiga wasa da karatu yana faɗuwa jarrabawa.

A 1885, bisa shawarar ɗan'uwansa Alexander Siloti, aka kai shi Mosko gidan wani malami mai tsanani, Nikolai Zverev. A gidan nan tun ƙarfe shida na safe ake tashi a hau fiyano. Horon ya yi amfani. A 1892 ya kammala karatu da babbar lambar zinariya, bayan ya tsara wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Aleko cikin kwana 17. Caikofski, wanda shi ne babban mai tsara kiɗa na Rasha a lokacin, ya yaba masa ƙwarai. Yana da shekara 19 sunansa ya fara zagaya gari.

Daren da Ya Karya Masa Gwiwa

A 1895 ya gama simfoninsa na farko, wato dogon kiɗa mai kashi huɗu na babbar ƙungiya. Ya ɗora dukkan burinsa a kai. An fara kaɗa shi a St. Petersburg a watan Maris na 1897, Alexander Glazunov ne madugu. Makaɗan ba su sami isasshen gwaji ba, madugun kuma bai fahimci aikin ba. Daga baya ma matar Rakmaninof ta yi zargin cewa a buge yake a daren. Kiɗan ya fito a hargitse, har mai shi ya kasa zama a cikin zauren. Wani fitaccen mai sharhi, César Cui, ya kwatanta shi a jarida da annobar da ta sauka wa mutanen Masar, ya kuma nuna cewa 'yan wuta ne kawai za su ji daɗinsa.

Abin da ya fi yi wa saurayin ciwo shi ne shakkar da ta shige shi game da kunnensa. Idan abin da ya ɗauka mai kyau ne ya fito haka, to yaya zai sake yarda da kansa? Ya ajiye simfonin, bai ƙara yarda an kaɗa shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Daga 1897 zuwa 1900 kusan bai tsara wani abin kirki ba. Baƙin ciki ya rufe shi, barci ya ƙaurace masa.

Shekarun Shiru

Duk da haka bai bar harkar kiɗa ba. Ya ci gaba da koyar da fiyano domin ya sami na abinci. Ya karɓi aikin mataimakin madugu a gidan wasan wani attajiri, Savva Mamontov, a Mosko. A nan ya koyi yadda ake tafiyar da makaɗa, wato ainihin abin da aka rasa a daren da aka ɓata masa aiki, kuma a nan ya ƙulla abota da mawaƙi Fyodor Chaliapin. A 1899 ya je Landan ya yi wasa, ya kuma yi alkawarin dawowa da sabon konceto, wato kiɗan da fiyano ke jagora ƙungiya na amsawa. Alkawari kaya ne, kuma ya dawo gida ya kasa sauke shi.

'Yan'uwa suka ga ko ganin babban marubuci Leo Tolstoy zai ƙarfafa masa gwiwa. Da ya kaɗa masa wata sabuwar waƙa, sai tsohon ya nuna bai ga amfanin irin wannan kiɗa ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Likita Dahl

A watan Janairun 1900 dangin mahaifinsa, iyalin Satin, suka haɗa shi da wani likita a Mosko, Nikolai Dahl, wanda shi ma yana taɓa kiɗa. Kullum Rakmaninof yana zuwa wurinsa har watan Afrilu. Likitan ya fara da gyara masa barci da cin abinci. Yakan zaunar da shi a kujera, ya sa shi cikin wani hali tsakanin barci da farke, ya yi ta nanata masa cewa zai fara rubuta konceton, aikin zai zo masa da sauƙi, kuma zai yi kyau. Suna kuma doguwar hira a kan kiɗa.

Da bazara ya tafi hutu Italiya tare da Chaliapin, ya fara rubuta ƙananan abubuwa. Da ya fuskanci konceton, kashi na biyu da na uku ya fara gamawa, ya kaɗa su a gaban jama'a a Disambar 1900. Da ya ga an karɓe su, sai ya rubuta kashin farko. An kaɗa cikakken Konceto na Biyu a Mosko a Nuwambar 1901, shi a kan fiyano, Siloti yana madugu. Ya sadaukar da aikin ga Dahl. Har yau yana cikin kiɗan fiyano da aka fi so a duniya.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya auri Natalia Satina a 1902, ya zama madugu a gidan wasa na Bolshoi daga 1904 zuwa 1906. Sannan ya koma Dresden a Jamus, ya tunkari abin da ya fi tsoro, ya rubuta simfoni na biyu. An kaɗa shi a 1908, shi da kansa ne madugu, kuma ya sami karɓuwa.

Shiru na Biyu da Rasuwarsa

Juyin juya halin 1917 ya raba shi da ƙasarsa da gandunsa na Ivanovka, inda ya saba keɓewa ya yi rubutu. Ya isa Amurka a 1918, ya koma yawon kaɗa fiyano gari gari domin ciyar da iyali. Daga lokacin har rasuwarsa manyan ayyuka shida kawai ya kammala. Wannan karon rashin gida da rashin lokaci ne suka tsayar da shi. Da ya gina gida a bakin tafkin Lucerne a Suwizalan, wuri mai shiru kamar Ivanovka, a can ya rubuta biyu daga cikinsu: kiɗansa a kan jigon Paganini a 1934, da simfoni na uku a 1936.

Aikinsa na ƙarshe, raye-rayen simfoni na 1940, yana ɗauke da wani ɗan sirri. A ƙarshen kashin farko ya dawo da jigon simfonin nan da aka wulaƙanta, ya sassauta shi ya zama mai taushi, alhali kusan babu mai sauraron da zai gane shi. Ya rasu a Beverly Hills ranar 28 ga Maris, 1943, sakamakon ciwon daji. Bayan rasuwarsa aka gano takardun makaɗan simfonin farko a Leningrad, aka harhaɗa su, aka kaɗa shi a Mosko a 1945, kuma jama'a suka yaba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa basirar Rakmaninof tana nan duk tsawon shekarun shirun, tsoro ne ya danne ta. Abin da ya cece shi kuwa ba ya wuce ikon ɗalibi: bai yi nisa da sana'arsa ba, ya yarda a taimake shi, ya gyara lafiyarsa, ya fara aiki ta inda ya fi masa sauƙi, ya gwada rabi kafin ya gama duka. Ɗan'uwa mai tsara waƙa ko rubuta labari, idan an kushe aikinka na farko, kada ka yaga shi. Wanda aka kushe a 1897 shi aka tafa wa bayan shekara 48.